Idan Masu Bin Bashi Sun Hana Gida Barci: Matakan Kare Kai da Iyali

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma duk wanda ya san yadda ciniki yake tafiya a Sakkwato, daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Kara, ya san cewa kaya masu yawa suna fita daga rumfuna da safe alhali kuɗinsu sai wani mako. Manomin albasa yana karɓar taki bisa alkawarin biya idan ya kwashe amfanin gona, ma'aikaci yana cin albashin watan gobe tun bai shigo ba, uwa tana ɗaukar kayan ɗakin 'yarta a hannun dillaliya tana biya kaɗan-kaɗan. Duk wannan zaman duniya ne. Abin da yake girgiza gida shi ne abin da ke biyo baya idan wa'adi ya cika babu kuɗi: kira tun kafin sallar asuba, sallama a ƙofar gida da murya mai ƙarfi don maƙwabta su ji, barazanar kawo 'yan sanda, da kuma sabon salo na manhajojin rance na waya, waɗanda suke aika wa duk wanda lambarsa take cikin wayarka saƙon cewa kai ɓarawo ne.

Abubuwa biyu ne a nan, kuma wannan jagora ta ginu ne a kan raba su. Bashin hakki ne da ke wuyanka, sai ka biya ko a yafe maka. Cin mutunci kuwa ba ya cikin abin da ka ranta, babu addini ko doka da ta ba mai bin bashi izininsa. Mai tsangwama yana samun ƙarfinsa ne daga tsoron da kake yi kada asirinka ya tonu, saboda haka matakan da ke tafe sun fara ne daga cikin gida kafin su kai ga hukuma. Ana magana da magidanci ne a mafi yawan wurare, amma matar da uwar adashi ko jami'in bankin masu ƙananan sana'o'i ya tsare za ta ga kanta a ciki.

Ka riga su faɗa wa gidanka

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma shi ne wanda mutane suka fi jinkirtawa. Namiji yakan kwashe makonni yana ɓoye al'amarin, yana kife waya idan ta yi ƙara, yana fita waje amsa kira a tsakiyar cin tuwon dare, yana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matar tana ganin duk wannan, kuma tun da ba a ba ta dalili ba, sai ta nemo nata: ko aure zai ƙara, ko wata yake nema a waje, ko kishiya ce ta shiga tsakani. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowace takan ɗora wa 'yar'uwarta laifin raguwar cefane. Kafin mai bin bashi ya taka ƙofar gidan, an riga an yi ɓarna a ciki.

Mafi muni shi ne ta ji labarin daga waje. Matar da yayarta ta kira ta daga Gusau tana tambaya me ya sa aka turo mata hoton mijinta da rubutun cewa ana nemansa ruwa a jallo, kunya biyu take sha a lokaci ɗaya, ta saƙon da ta rashin sanin abin da ke faruwa a ɗakinta. Irin wannan raunin yakan daɗe bayan an gama biyan kuɗin.

Saboda haka ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka zaunar da ita, ka faɗi adadin gaba ɗaya. Kada ka rage rabi da niyyar sauƙaƙa mata, domin ragowar zai fito, kuma ranar da ya fito maganarka ta farko ta zama ƙarya. Ba a bukatar dogon jawabi. Ya isa ka ce: "Hajiya, akwai bashin da ake bi na, naira kaza ne, a hannun mutum kaza. Na kasa biya a kan lokaci, kuma mai yiwuwa su kira ki ko su zo nan. Ina so ki ji daga bakina." Idan ta yi fushi ko ta yi kuka, ka bar ta, hakkinta ne. Idan matan sun fi ɗaya, a gaya musu a rana guda, don kada wadda aka bari a baya ta ɗauka an mayar da ita bare.

Akwai iyaka da ya kamata a ja tun a wannan zama. Dukiyar mace tata ce a shari'ar Musulunci: sadakinta, gadonta, 'yan kunnenta na zinariya, awakin da take kiwo, keken ɗinkinta. Idan ta ga dama ta taimaka, a rubuta cewa rance ne ko kyauta, a gaban shaida. Ɗaukar kayanta a sayar ba da yardarta ba, ko matsa mata da fushi da gaba har ta miƙa, sabon bashi ne da aka ci a cikin gida, kuma a ganina ya fi na waje wuyar biya. Haka kuma wannan ba lokacin furta saki ba ne. Mutumin da bai yi barcin kirki ba tsawon makonni bai kamata ya yanke hukunci a kan igiyar aurensa ba. Idan magana ta yi zafi, ya fita masallaci ko zauren wani amini har ya huce.

Bayan matar gida, ka zaɓi mutum ɗaya daga dangi wanda ake jin maganarsa kuma yake riƙe sirri, ko wa, ko baffa, ko kawu. Shi ne zai zama bakinka a wurare da dama nan gaba. Iyaye tsofaffi, musamman masu hawan jini, a bar wannan mutumin ya sanar da su a hankali kafin wani baƙon lamba ya kira su.

Wata dabara da maza suke yi, wadda ba na goyon baya ko kaɗan, ita ce ɓacewa. Mutum ya kama hanyar Legas ko Abuja da sunan cin rani, ko ya bi ta Illela ya tsallaka Ƙonni, ya kashe waya. Bashin yana nan inda ya bar shi, sai dai yanzu matarsa da 'ya'yansa ne suke amsa sallama. Idan neman kuɗi ya tilasta tafiya, a sanar da mai bashi, a bar masa wakili namiji da lambar da za ta shiga.

Takarda da biro

Tsoro yana kumbura lissafi. Mutane da yawa da suke cewa bashi ya yi musu katutu ba su taɓa zama sun tara shi wuri ɗaya ba. Ka samu littafi, ka ba kowane mai bashi shafinsa: nawa ka karɓa a hannu, ranar da ka karɓa, nawa ka riga ka biya, nawa yake nema yanzu, akwai takarda ko shaidu, ka ba da jingina ko wani ya tsaya maka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma a kasuwanninmu kunya takan hana a rubuta, sai ranar rigima kowa ya kawo nasa adadin.

A wajen manhajojin waya, ka raba uwar kuɗi da abin da aka ɗora. A ce an rubuta maka rancen naira 30,000 amma 24,000 ne suka shigo asusunka, aka ce ka mayar da 30,000 bayan kwana bakwai. Naira 6,000 a kan 24,000 kashi 25 cikin ɗari ne a mako guda, tun kafin a fara ɗora tarar jinkiri ta kowace rana. Wanda ya ga wannan a rubuce zai gane dalilin da ya sa rance daga manhaja ta biyu don rufe bakin ta farko ba ya fitar da kowa. Ka tsayar da wannan a yau, ko da kiran zai ƙaru na ɗan lokaci.

Daga nan sai jeri. Abinci, kuɗin haya, magani da makarantar yara su ne a gaba, domin gidan da babu abinci ba zai iya biyan kowa ba. Sai bashin da wani ya tsaya maka a kansa, tun da mai lamuni za a kama idan ka gaza, sai wanda ke da jingina a kan abin sana'arka, kamar babur ɗin kabu-kabu ko Keke Napep. Wanda ya fi kowa ihu ba lallai ne ya zama na farko ba.

Wayar hannu

Yadda waɗannan manhajoji suke aiki ba ɓoyayye ba ne. Ranar da ka sauke manhajar ka danna amincewa, ka ba ta damar kwafe lambobin da ke wayarka, wani lokaci har da hotuna da saƙonni. Da wannan kwafin ne ake kiran surukinka, limamin unguwarku da shugabanka a wurin aiki. Goge manhajar ba ya dawo da abin da aka riga aka kwafa, kuma ba ya share bashin.

Kafin ka goge komai, ka tara hujja. Ka ɗauki hoton kowane saƙo yadda lambar mai aikowa da ranar za su fito, ka adana saƙonnin murya, ka ɗauki hoton shafin manhajar da ke nuna adadin rance da sharuɗɗansa, ka roƙi 'yan'uwan da aka tura wa saƙo su turo maka nasu. Ka ajiye kwafi a wata wayar ko a imel. Bayan haka ka shiga saitin waya ka janye wa manhajar izinin ganin lambobi, hotuna da wurin da kake. Idan ka ba su bayanan katin cirar kuɗinka kuma suna zarar abin da ba ku yi yarjejeniya a kansa ba, ka je banki a toshe katin a ba ka sabo.

Sai ka aika musu saƙo ɗaya a rubuce, babu zagi a ciki: ka amsa cewa ka karɓi naira kaza, ka nemi cikakken lissafi, ka faɗi abin da za ka iya biya da ranakun biya, ka ce daga yau a yi magana da kai kaɗai kuma a rubuce, ka sanar da su cewa kana adana duk saƙon da suka tura wa wasu. Kada ka biya cikin asusun wani mutum da ya kira ka ya ce shi jami'insu ne. Ka biya ta hanyar kamfanin, ka ajiye rasit. Ba dole ba ne ka amsa kira ashirin a rana. Ka ware sa'a ɗaya da rana don duba saƙonninsu, da dare kuma wayar ta kwana a kashe ko a wani ɗaki.

Ga mutanen da ke cikin wayarka, ka riga masu tsangwama. Gajeren saƙo ya wadatar: "Assalamu alaikum. Na karɓi rance a wata manhaja, muna kan maganar biya. Mai yiwuwa su turo maka saƙon ɓatanci a kaina. Ba ka tsaya mini ba, ba a bin ka komai, don Allah ka toshe lambar." Za ka ji nauyin tura shi, amma da zarar ya tafi, babban makamin da suke riƙe da shi ya rage kaifi. Wanda bai sa hannu a matsayin mai lamuni ba, kasancewar lambarsa a wayarka ba ta ɗora masa ko kwabo.

Hukumomi sun san da wannan ɗabi'a. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar wani kamfanin rance naira miliyan 10 saboda tura wa mutanen da ke cikin wayoyin abokan cinikinsa saƙonni. A 2022 hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, ta kuma wajabta musu rajista, tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. A 2025 ta fitar da cikakkun ƙa'idoji a kan rancen waya. Daga 31 ga Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan mutane, abin da ya sa masu mugun nufi suka koma tura mahaɗin saukewa ta WhatsApp. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta kafa hukumar NDPC, wadda ita ma take karɓar ƙorafi. Ka tura ƙorafinka ga FCCPC da NDPC tare da hujjojin da ka tara. Amsa takan ɗauki lokaci, saboda haka kada ka dakatar da sauran matakai kana jira.

Idan banki ne ko bankin masu ƙananan sana'o'i mai lasisi, ƙorafi yana farawa ne daga bankin kansa a rubuce, a ba ka lambar shaida, idan ba a warware ba ka wuce sashen kare abokan ciniki na Babban Bankin Nijeriya. Ka kuma sani cewa tun Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba bankuna damar cire bashin da aka kasa biya daga sauran asusun mutum da ke haɗe da lambarsa ta BVN, idan ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rance, kuma asusun haɗin gwiwa yana ciki. Kuɗin sana'ar matarka ya fi aminci a asusunta na kanta.

Ƙofar gida da yara

Rubutun "ba a shiga" da ke bangon zaure yana aiki a kan mai bin bashi kamar yadda yake aiki a kan kowa. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini, dokar ƙasa ma ta ɗauki kutse a matsayin laifi. Mai bashi ba shi da ikon ɗaukar firji, buhun gero ko akuya da hannunsa. Ƙwace kaya sai da hukuncin kotu, kuma ma'aikatan kotu ne suke aiwatarwa. A yi shiri tun da wuri a kan wanda zai amsa sallama idan ba ka nan, kuma amsar ta zama ɗaya: maigida ya fita, ga lambarsa, ga ta ƙanensa. Matar gida ba ta shiga ciniki, ba ta yin alkawarin rana, ba ta sa hannu a kan kowace takarda.

Kada a tura yaro ya ce Baba ba ya nan alhali Baba yana ɗaki. Yaro ɗan shekara bakwai da aka tsayar a zaure gaban babban mutum mai huci, yana kallon takalman mahaifinsa a bakin ƙofa yana cewa ya fita, ya koyi ƙarya da tsoro a rana ɗaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yawaita neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya ce mutum idan bashi ya kama shi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Bai kamata a raba wa yara wannan gadon ba.

Yara suna ji ko ba a gaya musu ba. Wani zai koma fitsarin kwance, wani ya ƙi zuwa islamiyya saboda 'yan ajinsu sun ji abin da aka yi a ƙofar gidansu, budurwa ta shiga fargabar ko maganar aurenta za ta lalace. A gaya musu gwargwadon shekarunsu: akwai kuɗin da ake bin Baba, manya suna gyara maganar, ba laifin kowa ba ne a cikinku, kuma babu wanda zai raba ku da gida. Cire yaro daga makaranta a ɗora masa talla, ko gaggauta aurar da yarinya ga wanda ake ganin zai ɗauke nauyin, biyan bashin shekara ɗaya ne da rayuwar wani gaba ɗaya.

'Yan sanda da kotu

Barazanar da ta fi firgita iyali ita ce ta kamu. Dokar 'yan sanda ta 2020, a sashe na 32, ta ce ba a kama mutum saboda saɓanin da ba na laifi ba ko saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wanda ake nema. Ma'ana, ba a tsare mata, ɗa ko ƙane don mai gida ya fito. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, kotunan ƙasar nan sun sha nanata haka. Sai dai masu ƙara sun san wannan, shi ya sa sukan sauya wa maganar riga su kira ta zamba cikin aminci ko cin amana. Idan da gaske akwai yaudara, kamar jinginar da filin da ba naka ba ko ba da cakin banki alhali ka san babu kuɗi, to wannan laifi ne, ka nemi lauya nan take. Idan bashi ne zalla aka gayyace ka, ka je tare da dattijon da ka zaɓa da littafin lissafinka, kada ka sa hannu a kan alkawarin biyan abin da ba za ka iya ba don kawai a sake ka. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya ko na hukumar kare hakkin ɗan Adam da ke cikin garin Sakkwato.

Sammacin kotu kuwa ba a gudunsa. Kotun shari'ar Musulunci ko ta majistare wuri ne da za a saurari ɓangarenka, a tantance adadin gaskiya, kuma alƙali yana iya tsara biya kashi-kashi. Fiƙihu ya bambanta wanda yake da hali yana taurin bashi da wanda ya tabbata ba shi da shi. Na farko hadisi ya kira jinkirinsa zalunci. Na biyu aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi. Ka tabbata ka san a wane ɓangare kake kafin ka kafa hujja da ayar, domin wanda ya sayi ragon layya na alfarma alhali ana bin sa kuɗin hatsi ba zai samu mai tausaya masa ba.

Idan mutum ya rasu da bashi, daga abin da ya bari ake biya kafin a raba gado. Matar mamaci da marayu ba a bin su daga aljihunsu sai idan sun ɗauka da kansu. Mai takaba da ake buga wa ƙofa ta tura mai bashi wurin masu rabon gado.

Zaman sulhu

Ga bashin cikin gari, na ɗan kasuwa, na dillaliya, na adashi, sulhu ya fi komai saurin kashe wuta. Shi ma mai bin ka yana iya kasancewa wani yana bin sa, kuma sau da yawa shirunka ne ya harzuƙa shi fiye da jinkirin. Wani mutum ya taɓa tsananta wa Annabi magana a kan bashi, sahabbai suka yunƙura, ya ce su ƙyale shi, mai hakki yana da magana. Yana da magana, amma ba shi da zagin iyaye ko tara maka jama'a.

Ka nemi a zauna a wurin mai unguwa, limami, shugabannin ƙungiyar kasuwarku ko ofishin Hisba, ba a gidanka ba. Ka fara da amsa hakki: "Ranka shi daɗe, kuɗin Alhaji gaskiya ne, ban musa ba. Ga abin da nake samu, ga abin da zan iya bayarwa duk ranar Juma'a." Ka faɗi adadin da za ka iya cikawa ko a makon da kasuwa ta yi sanyi, domin ƙaramin alkawari da ake cikawa yana kwantar da hankalin mai bashi fiye da babba da aka saɓa sau biyu. Neman ragi ba abin kunya ba ne: lokacin da muryoyin Ka'abu ɗan Malik da Ibn Abi Hadrad suka tashi a masallaci a kan bashi, Annabi ya yi wa Ka'abu ishara ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. A rubuta abin da aka cimma, shaidu biyu su sa hannu, a sa sharaɗin cewa ba za a sake zuwa gida ko kiran iyali ba muddin ana biya.

Masu bashin da ya fi ƙarfinsu suna cikin rukuni takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba hakkin zakka. Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma akwai attajirai da suke fitar da tasu da kansu. A rubuta bukata, a haɗa da takardar sulhu da shaidar mai unguwa. Ba kowa ne yake samu ba, amma wanda ya zo da lissafi a rubuce ya fi wanda ya zo da kuka kawai. Wanda kuma bashinsa yake da ruwa, damuwar zunubin riba takan ƙara masa shiru. Ya samu malamin da ya yarda da shi ya tambayi hukuncin halin da yake ciki, ya kuma nemi a sauke masa tarar da aka ɗora ya biya uwar kuɗi.

Jikinka da zuciyarka

Tsangwama ta makonni tana sauka a jiki. Barci yana ƙaura, zuciya tana bugawa da zarar waya ta yi ƙara ko an yi sallama, abinci ba ya shiga, ciwon kai ba ya sauka, mai gyambon ciki nasa yana tashi. Mutum yakan daina zuwa jam'i da majalisa don gudun ido, wanda hakan yake ƙara masa kaɗaici. Ka auna jininka a asibiti ko kemis mafi kusa, kai da matarka, domin ita ma tana ɗauke da rabin nauyin ko ba ta faɗa ba. Kada ka nemi barci da ƙwayoyin da likita bai rubuta ba. Ka koma sahu a masallaci ko da kana jin ana kallonka, ka riƙe addu'ar da Annabi ya koyar ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje, ka haɗa ta da sauran matakan.

Idan baƙin ciki da rashin barci da yanke ƙauna suka wuce mako biyu, ana bukatar likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Mutane suna jin nauyin sunan Kware, alhali da yawa daga masu zuwa can a duba su ne a ba su magani su koma gida a ranar.

Iyali su sa kunne ga wasu kalamai. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko kun fi samun sauƙi idan ba ya nan, ko ya fara raba kayansa yana neman gafarar mutane ba tare da dalili ba, ba a ce masa ya daina saɓo a wuce. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, takan ba shi damar magana. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magungunan ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga gidan, a karɓi wayar a ba ɗan'uwa ya riƙa amsa masu bashi, a kai shi asibiti a ranar ba tare da jiran gobe ba.

Ranar da ka biya kashi na ƙarshe, ka karɓi takarda ko saƙon da ke cewa an gama, ka karɓo jinginarka, a yaga takardar sulhu a gaban shaidun da suka sa hannu. Idan rancen banki ne ko na manhaja mai rajista, ka nemi su gyara sunanka a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu karɓar rance, irin su CRC da FirstCentral, ka bincika bayan wasu makonni ko sun yi. Idan matarka ko ɗan'uwanka ya ranta maka wani abu a tsakiyar rikicin, shafinsa a littafin nan yana buɗe har sai shi ma an mayar masa.